Ba-Wuya Ya Sa Wa Jita Kunne

Duk layin shagunan nan babu wanda zai iya tuna ranar da mai sayar da takalma ya taɓa cewa "ban iya ba." Ko jirgin sama ka ce masa ya lalace, zai ɗaga kai ya dubi gajimare ya ce, "Ba wuya." Tun ana kiransa haka don tsokana har sunan ya bi shi, ya kai ga matarsa ma in ranta ya ɓaci da shi take kiransa. Shi ne ya gyara fankar Tela, maƙwabciyarsa ta dama, fankar ta koma juyi da baya tana zuƙe yadi daga kan tebur. Shi ne kuma ya gyara firjin Mai Kemis, maƙwabcinsa na hagu, har yau ruwan ɗumi firjin ke bayarwa. In an tuna masa, sai ya ce kayan ne ba su fahimci gyaran ba.

Matarsa ungozoma ce a asibiti, tana da ƙani, autansu, kowa Auta yake ce masa. Saurayi ne mai sanyin magana, babu abin da ya iya a duniya kamar kaɗa jita da rera waƙa. Ya daɗe yana neman inda zai riƙa wasa ana biyansa, sai ga wani babban otal ya ce ya zo ranar Asabar da yamma ya gwada a gaban baƙi. In manaja ya yaba, aiki ya samu. Sharaɗin kawai shi ne ya zo da jitar da za a iya jonawa da lasifika, don ɗakin cin abincinsu faɗi gare shi. Auta ya tattara ɗan abin da ya tara ya kama hanyar sayen sabuwa. Kuskurensa ɗaya ne, ya biya ta shagon mijin yayarsa don ya gaishe shi.

"Jita za ka saya kai kaɗai?" in ji Ba-Wuya, yana jawo ƙofar shago. "Yaro, za su cuce ka. Mu je."

"Babban Yaya, ka san jita ne?"

"Katako ne da waya. Katako na san shi, waya na san ta. Me ya rage?"

Mai shagon kayan kiɗa wata dattijuwa ce mai tabarau. Ta sauko da jita biyu iri ɗaya ta ajiye a kan tebur. Ta ce wannan ta farko kamfani ya riga ya saka mata na'urar ɗaukar sauti tun daga can, wadda ke jin motsin tsirkiya ta miƙa wa lasifika. Ka jona waya kawai ka hau kiɗa. Ta biyun kuwa babu komai a cikinta, sai mutum ya sayi na'urar daban, ya zaɓi irin wadda yake so, a saka masa.

Auta ya rungumi ta farkon ya kaɗa sau ɗaya, fuskarsa ta washe. Ba-Wuya ya zare ta daga hannunsa kamar wanda ya kama yaro da wuƙa.

"Wato kunne ne," ya ce. "Kunnen jita."

"Kana iya cewa haka," in ji dattijuwar.

"To wa ya ce kamfani ya san irin kunnen da ya dace da yaron nan? Sun taɓa jin muryarsa? Hajiya, ni takalmi nake sayarwa. Wanda aka ƙera wa kowa da kowa ba ya zauna wa kowa daidai. Mai hankali aunawa yake yi."

"Ai kai ma na kamfani kake sayarwa, Babban Yaya," in ji Auta.

"Shi ya sa na san halinsu!"

Dattijuwar ta ce ba laifi, masu wannan ra'ayin suna da yawa, kuma suna da gaskiyarsu. Ta fito da wata na'ura da ake maƙalawa a bakin ramin jita, babu huda babu gam, ko yaro zai iya. Ba-Wuya ya ture ta gefe. Abin da yaro zai iya ai ba nasa ba ne. Ta fito da wata mai ɗan makirufo da batir, wadda ake dasawa a cikin cikin jitar, a huda gindinta a fito da bakin da ake jona waya. Ta ce wannan sautinta ya fi daɗi, amma a bar mata jitar ta kai wa mai sakawa.

"Mai sakawa?" Ba-Wuya ya yi dariya har tsirkiyoyin da ke rataye suka amsa. "Ga shi tsaye a gabanki."

Ta dube shi ta saman tabarau, ta dubi Auta. "Ɗana, da yardarka?"

Auta ya buɗe baki, amma Ba-Wuya ya riga ya ɗauki na'urar mai makirufo, ya saɓa jita ta biyun a kafaɗa kamar fartanya. Takardar bayanin da ke cikin kwalin na'urar kuwa tun a bakin ƙofa ya naɗe ta ya goge gumi da ita, ya jefa a kwandon shara.

Washegari da hantsi ya share teburin da yake jera takalman mata, ya kwantar da jitar a kai. Ya aro injin huda a wurin kafintan ƙarshen layi, ya ɗauko gam ɗin manne takalmi, ya naɗe hannun riga. Tela ta bar kekenta ta leƙo. Mai Kemis ya jawo benci.

"Yau kuma wa Allah ya yi wa ƙarar kwana?" in ji Tela.

"Ki zauna ki koyi aiki kyauta."

"Ni na koya tun a kan fankata."

Ya sassauta tsirkiyoyi, ko kuma ya ɗauka sassautawa yake yi, don ta ƙarshen ƙara ɗaurewa ta yi ta yi har ta tsinke ta zabge shi a karan hanci. Ya shafa wurin ya ce dama ita ce mai rauni, gara da ta nuna halinta tun yanzu. Sannan ya kunna inji. Ya auna gindin jitar da ido ɗaya, ya danna. Injin ya zame, ya hau gefe, ya shige ya fito ta fuskar jitar, kusa da inda hannu ke kaɗawa.

Mai Kemis ya miƙe tsaye. "Ka huda mata fuska!"

"Tagar iska ce. Kai kana iya waƙa a ɗakin da babu taga?"

Rami na biyu ya faɗa daidai wurin, sai dai ya yi faɗin da bakin wayar ya zurma ciki gaba ɗaya, ana jin sa yana gangarawa ƙwalan-ƙwalan. Na ukun ya yi ƙanƙanta, ya faɗaɗa shi da wuƙar yankan fata har katakon ya tsage. Ya yanko fatar wani tsohon takalmi ya liƙe ramukan da ba a bukata, ya shafa musu man goge takalmi baƙi, ya ja da baya yana kallo.

"Kamar akuyar da ta yi faɗa da kare," in ji Tela.

"Ado ne. Nan gaba kamfani zai kwaikwaya."

Saura dasa makirufon. Ya lafta masa gam, ya lafta wa akwatin batir, ya ga kamar bai isa ba ya ƙara a tafin hannunsa don ya shafe wurin da kyau. Ya cusa hannun ta ramin jitar har gwiwa, ya danna, ya tsaya yana ba su labarin yadda masu kamfani ke rowar gam. Labarin ya yi tsawo. Da ya gama ya ja hannu, jitar ta biyo shi.

Ya sake ja. Ta sake biyowa.

"Ta ƙi sakinka ne?" in ji Mai Kemis.

"Ni ne ban sake ta ba. Ana riƙewa har ya bushe."

"Ai ya bushe."

Kafin ya ba da amsa wata mata ta shigo tana neman takalmin makaranta na 'yarta. Ba-Wuya ya juya zai miƙo mata, wuyan jitar ya share jeri guda na kwalaye suka zubo mata a ka. Ya juya ya ba ta haƙuri, ya kaɗe madubin gwaji. Matar ta fita da gudu ba takalmi ba sallama. Tela ta zauna a ƙasa tana share hawayen dariya da gefen mayafi.

Suka ja, shi da Mai Kemis, ɗaya ta nan ɗaya ta can. Gam ɗin ya saki tafin hannun da ƙyar, amma agogon da ke ɗaure a wuyan hannun ya tokare bakin ramin, hannun kuma ya kumbura. Babu yadda za a yi sai gida. Mai tasi na farko ya tsaya ya duba ya ce ba ya ɗaukar makaɗa. Na biyun bai ma tsaya ba. Haka Ba-Wuya ya taka da ƙafa tsakiyar rana, jita sanye a hannu, yana gaisa da mutane da ita.

"Ba-Wuya, sabuwar sana'a?"

"Gwaji nake yi! Ina jin zafin cikinta!"

Ya tarar da matarsa ta dawo daga aiki ko farar rigarta ba ta cire ba, ga Auta zaune a kan tabarma ya zo duba jitarsa. Auta ya ga fatar takalmi a fuskar jitar, ya ga tsirkiya na reto, ya ga mijin yayarsa a cikinta har gwiwa. Sai ya ɗora hannu biyu a ka.

Ungozoma ta zagaya mijinta sau ɗaya. "Tun yaushe naƙudar ta fara?"

"Maman yara, ba lokacin wasa ba ne."

"Wa ke wasa? Auta, kawo ruwan sabulu. Kai kuma kwanta."

Ta zuba sabulu, ta zura dogon almakashinta na aiki ta ɓalle maɗaurin agogon, agogon ya faɗa ciki ya zauna daram a kan ragowar gam. Ta kama jitar ta ce Auta ya riƙe kafaɗun mara lafiya.

"Yi numfashi. Yi nishi. Nishi na ce, Ba-Wuya, ba wa'azi ba!"

Hannu ya fito fit, ja wur kamar an dafa shi. Ta ɗaga shi sama ta nuna wa maƙwabtan da suka taru a bakin ƙofa. "An sauka lafiya. Uwar ce dai ban ba ku tabbaci ba."

Auta ya ce da murya ƙasa-ƙasa, "Yaya, ko dai mu mayar wa dattijuwar nan ta ga abin da za a iya yi?"

"A mayar da aikin da aka gama?" in ji Ba-Wuya. "Saura gwaji kawai. Agogon ma na bar mata kyauta, kowace jita tana bukatar sanin lokaci."

Ranar da zai gwada aikinsa ya aro wata ƙatuwar lasifika a wurin masu tallan magani, ya girke ta a ƙofar shago tana fuskantar jitar, don duk layi ya shaida. Ya sa sabuwar tsirkiya, ya jona waya, ya murɗa maɓallin ƙara har ƙarshe. Ya sunkuyar da kai tsakanin jita da lasifika don ya fara ji kafin kowa.

Babu wanda ya taɓa tsirkiya. Jitar ce da kanta ta kurma ihu, wani irin siririn kuka mai huda ƙwaƙwalwa, yana hawa yana ƙara hawa. Tela ta ɗinke ɗan yatsanta da hannun riga. Kwalaben Mai Kemis suka hau rawa a kan kantar shagonsa. Motar da ke ajiye a tsallaken titi ta kama nata kukan, karnukan bayan layi suka ɗauka, wani mai keke ya shige cikin kwandunan mai lemo. Sai da Mai Kemis ya yi tsalle ya fizge wayar daga bango aka samu lafiya.

"Kun ji ƙarfi?" Ba-Wuya ya faɗa da ihu, don kunnuwansa sun toshe ba ya jin kansa. "Ta kamfani za ta iya wannan?"

"Ba za ta iya ba," in ji Tela, tana tsotson yatsa. "Tana da tarbiyya."

Ya ce matsalar ƙarama ce, cikin jitar ne ya yi fili da yawa, sauti na kai-komo. Ya buɗe katan ɗin safa sabuwa fil, ya shiga cusawa ta ramin, ta maza da ta mata da ta jarirai, har cikin ya cika ya danne makirufon. Aka sake jonawa. Kukan ya tafi, sautin ma ya tafi da shi. In an kaɗa sai ka ji kamar tsoho na tari a ƙarƙashin bargo. Ba-Wuya bai karaya ba. Ya ɓanɓaro makirufon daga ƙasan safa ya manna shi a bakin ramin, yana leƙen waje kamar kan ƙadangare. Sauti ya dawo. Sai dai bakin da ake jona wayar yana girgiɗi a cikin tsagaggen katako, in ba a danne shi da yatsa ba komai ya ɗauke.

"Wa zai riƙe mini waya ina wasa?" in ji Auta, kamar zai yi kuka.

"Me ka ce?"

"NA CE WA ZAI RIƘE WAYA!"

"Ni mana! Duk babban mawaƙi da injiniyansa yake yawo."

Mai Kemis ya ɗiga masa magani a kunne, ya toshe masa su da auduga, ya ce kada ya cire sai ƙarar ta daina.

Ranar Asabar da yamma ɗakin cin abincin otal ya cika. Fararen tebura, ma'aikata masu ɗaurin wuya, rana na shigowa ta dogayen tagogi. Ungozoma ta samu kujera can baya, Tela da Mai Kemis suka rufe shago suka zauna kusa da ita, suka ce ko lemo ɗaya za su raba ba za a ba su labari ba. Manaja, wani dogo mai sanƙo, ya zauna a teburin gaba ya harɗe ƙafa. Ma'aikacin otal ya jona wayar jita da manyan lasifikokin da ke fuskantar baƙi, ya kafa wa Auta makirufon waƙa a gaban baki.

Ba-Wuya ya sha babbar riga da takalminsa na fita, na fatar gaske, wanda ko ƙura ba ya bari ta taɓa. Ya tsuguna a gefen kujerar Auta, ya danne waya da yatsa, kansa dab da ramin jitar. Daga nan ƙasa ba ya ganin fuskar kowa. Ƙafafu kawai yake gani, jere a ƙarƙashin tebura.

Auta ya rufe ido ya fara. Kai, yaron ya iya. Duk da safa, duk da fatar takalmi, waƙar ta fito da sanyi, cokula suka fara lafawa. Manaja ya shiga gyaɗa kai. Ba-Wuya ya ga ƙafafu na bin kiɗa, ya ji kansa ya yi girma. Aikinsa ne wannan. Kuma mai sayar da takalmi in ya ga ƙafafu da yawa haka, bakinsa ba ya iya zama. Ya fara magana shi kaɗai, a ganinsa a hankali.

"Dubi wannan," in ji wata murya mai kauri daga kowace kusurwa ta ɗakin, a tsakiyar baiti. "Ƙafa kamar faranti, ta matse ta a takalmin 'yar yaye."

Mata uku suka janye ƙafafunsu ƙarƙashin kujera lokaci guda. Auta ya buɗe ido, ya ci gaba da waƙa, ya shuri Ba-Wuya da gefen ƙafa. Ba-Wuya ya ɗauka kiɗa ne ya ratsa yaron.

"Wancan kuma safa ɗaya baƙa ɗaya shuɗiya. Allah sarki, ko matar ta yi yaji ne."

Wani mai ƙiba ya sunkuya ya duba ƙafarsa, matarsa ta fashe da dariya har ruwa ya sarƙe ta. Dariya ta kama tebur bayan tebur. Ba-Wuya ya ga ƙafafu na bubbuga ƙasa, ya ce a ransa yau an gama, aiki ya samu. Can baya Ungozoma ta miƙe tana yi masa alama da hannu a baki. Ya hango ta ta tsakanin kujeru, ya ɗaga mata hannu cikin alfahari, da hannun da ke danne waya. Jita ta ɗauke ɗif. Ya mayar da sauri, ta dawo da wani ƙara kamar an fasa faranti.

Sai agogon da ke binne cikin safa ya tuna lokacin rufe shago ya yi. Ti-ti-ti, ti-ti-ti, ta cikin lasifika, kamar motar asibiti ta shigo ɗakin. Baƙi suka shiga lalube aljihu. Ma'aikata biyu suka ruga kicin suna tsammanin wani abu ya ƙone. Auta ya jijjiga jitar ko zai yi shiru, safar jariri ja ta leƙo ta ramin, ta faɗo a kan cinyarsa. Wata ta biyo ta.

"Haihuwa take yi!" in ji Tela daga baya.

Ba-Wuya bai ji ko ɗaya ba. Idonsa ya riga ya sauka a kan ƙafar da ke harɗe a teburin gaba, baƙin takalmi mai tsini yana sheƙi.

"Innalillahi," in ji lasifika. "Ga babban mutum da jabun takalmi. Wannan ai roba ce aka shafa wa mai. Ruwan sama ɗaya ya buɗe baki. Wanda ya sayar masa da wannan ba ya tsoron Allah, wallahi ɓarawo ne, a ɗaure shi."

Auta ya daina kaɗawa. Agogo ma ya yi shiru kamar ya san abin da ke tafe. Takalmin mai tsini ya sauka ƙasa, ya tako, ya tako, ya tsaya a gaban hancin Ba-Wuya. Ya ɗaga kai a hankali, ya bi wando, ya bi kwat, har ya kai ga sanƙo. Manaja ya sunkuyo ya zare masa audugar kunne da yatsa biyu.

"Me ka ce game da takalmina?"

"Ni? Ranka ya daɗe, ban yi magana ba," in ji Ba-Wuya, ya kuma ji muryarsa ta dawo masa daga bango huɗu. Ya dubi ɗan makirufon da ke leƙensa. Ya haɗiyi yawu, lasifika ta sanar da wannan ma.

Manaja ya ƙura masa ido, ya ƙara matsowa. "Tsaya. Ba kai ne mai shagon takalma tsakanin tela da kemis ba?"

"Shi ne!" in ji Tela da Mai Kemis baki ɗaya.

"A wurinka na saye shi! Kai ka sa mini shi da hannunka! Ka dafa ƙirji ka ce fatar gaske ce, har jikokina za su gada!"

Ɗakin ya kife. Mai ƙiban nan yana dukan tebur, ma'aikata sun jingina da bango, mai dafa abinci ya leƙo da ludayi a hannu. Ba-Wuya ya dubi takalmin, ya dubi manaja, ya gyara babbar riga.

"Ranka ya daɗe, lokacin da na sayar maka na gaske ne."

"To a ina ya zama jabu?"

"Ya danganta da inda ka bi da shi."

Manaja ya so ya riƙe fushinsa, amma gefen bakinsa ya ƙi. Ya zauna a bakin dandamali ya cire takalman, ya ajiye su a gaban Ba-Wuya, ya nuna wanda Ba-Wuya ke sanye da shi. "Wannan fa?"

"Wannan? Ai tsoho ne, ba zai yi maka..."

"Na gaske ne?"

"Na gaske ne," in ji Ungozoma, wadda ta iso gaba. "Ranka ya daɗe, ko ni ba ya bari na taɓa. Cire, Ba-Wuya."

Ya cire. Manaja ya zura ƙafa, suka zauna masa kamar don shi aka yi, ya taka gaba ya taka baya, baƙi suka tafa. Sannan ya juya ga Auta, wanda ya sunkuyar da kai yana jiran a nuna masa ƙofa.

"Kai kuma, samari, zare wannan wayar, ka fitar da kayan shagon yayanka daga ciki. A kawo wani makirufo a kafa a gaban jitar. Ina so in ji waƙar nan ba tare da sharhi ba."

Aka yi ta zaro safa har ta yi tsibi a kan dandamali. Auta ya gyara zama ya sake farawa daga farko. Wannan karon babu wanda ya yi dariya. Da ya kai ƙarshe tafi ya ɓarke. Manaja ya ce ya riƙa zuwa duk Asabar, amma da wata jitar, kuma injiniyan ya tsaya a gida.

"Sabuwar jita tana kan injiniya," in ji Ungozoma. "Gobe da safe. Kuma Auta ne zai zaɓa, kai kana waje kana gadin ƙofa."

Suka fito rana ta kusa faɗuwa. Auta na gaba rungume da jitarsa mai tabo yana murmushi, Tela da Mai Kemis na maimaita wa juna abin da ya faru kamar ba tare suka gani ba. Ba-Wuya na baya, safa cike da hannun babbar riga, baƙin takalmi mai tsini a ƙafa. Ya yi shiru, abin da matarsa ba ta taɓa gani ba, har ta fara waiwayensa da ɗan tausayi.

A bakin titi wani mai wankin mota ya malalo da ruwa. Ba-Wuya ya taka ciki. Taku kaɗan bayan nan aka fara jin faɗap, faɗap, sai ga tafin takalmin dama ya rabu da samansa ya zauna a kan kwalta, mai shi ya wuce da yatsu a waje. Ya tsaya. Ya dawo ya ɗauki tafin, ya juya shi, ya shinshina. Fuskarsa ta haskaka. Ya ɗaga shi sama yadda duk mai wucewa zai gani.

"Kun gani ko? Ban ce muku jabu ne ba!"